Yadda Ake Zaɓar Babban Ƙahon Badujala, a Koyi Busa Shi, a Kuma Kula da Shi

A tsarin badujalar ƙahoni zalla da ya kafu a Birtaniya tun ƙarni na 19, wanda har yau shi ake bi a gasanni, mabusa 25 ne suke zama tare da masu ganguna, kuma 11 daga cikinsu manyan ƙahoni masu kaurin murya ne a hannunsu: baritan biyu, yufoniyam biyu, turombon uku da tuba huɗu. Ke nan kusan rabin ƙungiyar aikinta shi ne ɗaukar nauyin kiɗan daga ƙasa, ko da yake idon 'yan kallo ya fi karkata ga masu konet, wato ƙaramin ƙaho mai siririyar murya, da suke rera karin waƙar. A ganina, ƙungiyar da masu konet ɗinta suke da rauni tana iya samun sutura idan ƙasanta ya tsaya daram, amma wadda ƙasanta ya rushe babu gwanintar da za ta cece ta daga sama.

Wannan al'ada ta girma ne a masaƙu da mahaƙan kwal. Ƙungiyar Black Dyke ta fito daga masaƙar John Foster da ke Queensbury a yankin Yorkshire a 1855, ta Cory ta tashi a kwarin Rhondda na Wales a 1884, ta Grimethorpe kuma ma'aikatan mahaƙar kwal ne suka kafa ta a 1917. Ƙungiyar Salvation Army, wadda ta fara amfani da ƙahoni wajen wa'azin titi a 1878, ta kai su ƙasashe da dama. A Afirka ta Yamma sojoji da 'yan sandan zamanin mulkin mallaka da kuma 'yan mishan ne suka shigo da su, shi ya sa har yau ake jin su a faretin soja da na 'yan sanda, da wajen matasan coci irin su Boys' Brigade, da wasu makarantu. Bayanin da ke tafe na wanda aka miƙa wa babban ƙaho ne a irin waɗannan ƙungiyoyi, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin saya wa ƙungiya kayan busa.

Sanin kowane ƙaho da aikinsa

Dukkansu hanya ɗaya suke fitar da amo, wato mabushi ya haɗa leɓɓansa a cikin bakin busa ya tura iska har su yi karkarwa, bututun kuma ya ƙara wa karkarwar girma. Haka ake busa kakaki, sai dai tsawon kakaki ba ya sauyawa, don haka amon da yake bayarwa kaɗan ne. Waɗannan kuwa an yi musu dabarar ƙara tsawon bututu ana cikin busa, kuma ƙa'idar ita ce gwargwadon tsawon bututu gwargwadon kaurin murya. Bututun baritan da yufoniyam da turombon yana kai wa kimanin mita 2.7 idan aka miƙe shi, na tuba ta E♭ kimanin mita 4, na babbar tuba ta BB♭ kuwa kimanin mita 5.5 (haruffan nan sunan amon da ƙahon yake bayarwa ne idan ba a danna komai ba). Dabarar bawul, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu su buɗe wa iska ƙarin hanya, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel ne suka yi mata rajista a Jamus a 1818, kuma ita ce ta sa aka iya ƙera waɗannan ƙahoni a siffar da aka sani yanzu.

Baritan da yufoniyam su ne suka fi rikita sabon shiga, domin tsawonsu ɗaya, ajiye yatsunsu ɗaya, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Bambancin yana cikin faɗin bututu. Na yufoniyam yana buɗewa sosai tun daga farko har zuwa mazurarin da amo ke fita, wannan ne ya ba shi murya mai kauri da taushi, shi ya sa shi ne na biyu bayan konet wajen ɗaukar karin waƙa shi kaɗai. Baritan, wanda ya samo asali daga dangin ƙahonin da Adolphe Sax ya ƙera a Faris a shekarun 1840, ya fi tsukewa, muryarsa ta fi sauƙi, kuma aikinsa shi ne cike tazarar da ke tsakanin ƙananan ƙahoni na tsakiya da manyan na ƙasa. Kuskure ne a riƙa kallon kujerar baritan a matsayin inda ake ajiye wanda ya kasa yufoniyam, domin idan masu baritan biyu ba su da kunne, tsakiyar ƙungiyar gaba ɗaya takan yi tsami.

Turombon shi ne bare a cikinsu. Ba shi da bawul na yatsu, sai dogon bututu mai shiga da fita wanda mabusa suke kira silaid, kuma yawancin jikinsa faɗi ɗaya ne, abin da ya ba shi murya mai kaifi da ke ratsa ta sauran. Biyu daga cikin ukun na tsakiya ne, na ukun kuma babba ne mai faffaɗan bututu da maɓalli ɗaya ko biyu a ƙarƙashin yatsun hagu don isa amon ƙasa. Tuba kuwa, wadda Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi wa rajista a Balin a 1835, ita ce ƙarshen kauri, kuma ana haɗa biyu na E♭ da biyu na BB♭ ne domin na farkon su ba amon siffa, na biyun su ba shi zurfi. Akwai kuma susafon, tubar da ake sanyawa a jiki ta zagaye mabushi ta zauna a kafaɗarsa ta hagu, mazurarinta yana kallon gaba. An fara ƙera shi a Amurka a shekarun 1890 bisa buƙatar John Philip Sousa. Ba ya cikin tsarin gasar Birtaniya, amma ga ƙungiyar da yawancin aikinta maci ne a fili, ya fi tuba ta zaune amfani nesa ba kusa ba.

Zaɓe da saye

Kafin a dubi sha'awar mai koyo, a dubi giɓin da ke cikin ƙungiya. Ƙaramar ƙungiya mai mabusa goma zuwa goma sha biyu ta fi buƙatar tuba ɗaya da yufoniyam ɗaya fiye da ƙarin turombon, kuma idan kuɗin tuba ɗaya kawai ake da shi, ta E♭ mai bawul huɗu ta fi dacewa, saboda ta fi sauƙin ɗauka, ba ta cin iska kamar babbar, kuma bawul na huɗu yana kai ta ƙasa sosai. Daga nan sai a dubi jikin mai koyo. Yaron da hannunsa bai kai ƙarshen silaid ba zai sha wahala a turombon, kuma gara ya fara da baritan, wanda shi ne mafi sauƙin nauyi a cikin masu bawul, daga baya ya koma duk wanda ya dace da shi. Maganar cewa sai mai kaurin leɓe ko ƙaton mutum ne zai iya tuba ba ta da tushe, domin mata da siraran mutane da yawa suna busa ta a manyan ƙungiyoyi. Abin da ta fi buƙata shi ne iya sarrafa numfashi da haƙurin zama a baya.

Yawancin ƙahonin da ke zuwa hannun ƙananan ƙungiyoyi na hannu ne, wasu ma sun girmi masu busa su, don haka a nan ya kamata a tsaya a natsu. Tsohon ƙaho na kamfanoni irin su Besson, Boosey & Hawkes, Yamaha ko Conn, idan yana da lafiya, yakan fi sabo mai sheƙi wanda ba a san maƙerinsa ba, kuma a wannan kasuwa araha ba ta ado. Kada ƙyalli ya ɗauke hankalin mai saye, haka kuma kada lotsawar da ke jikin mazurari ta tsorata shi, domin wannan ba ta cika taɓa murya ba. Lotsawar da ke da haɗari ita ce wadda ta sami siririn bututun farko da bakin busa ke shiga, ko gidan bawul, ko silaid ɗin turombon.

A fara gwaji da bawul. A danna kowanne a sake shi, a ga ko yana dawowa nan take ba tare da tsayawa ba. Sannan a kwance murfinsa na sama, a ɗago shi kaɗan, a girgiza shi gefe da gefe, domin idan yana rawa a cikin gidansa to ya cinye, iska za ta riƙa zurara, kuma gyaran wannan yakan fi kuɗin ƙahon tsada. Wata hanyar ita ce a zare ƙaramin bututun da ke jikin bawul ba tare da an danna bawul ɗin ba: idan ya fita da ƙarar «fom», alama ce ta cewa yana riƙe iska. A tabbatar duk ƙananan bututun suna zaruwa, saboda wanda ya kafe ba za a iya saita amo da shi ba. A duba bututun farko da kyau a cikin haske, idan an ga ɗigo-ɗigon ja ko ruwan hoda a jikinsa, to tutiyar da ke cikin gamin ƙarfen ce ta fara zagwanyewa daga ciki, kuma wurin zai huje ko ba daɗe ko ba jima. Shi kuwa turombon, a sake makullin silaid a karkata shi ƙasa kaɗan ana tare da hannu, ya kamata ya zame da nauyin kansa ba tare da ya cije a ko'ina ba.

Akwai wani tarko da ba kowa ya san shi ba. Har zuwa shekarun 1960 ƙungiyoyin Birtaniya suna amfani da ma'aunin amo mai tsayi, inda amon da ake kira A yake karkarwa kusan sau 452 a daƙiƙa maimakon 440 da duniya take bi a yau. An gyara da yawa daga cikin ƙahonin wancan zamani ta hanyar ƙara musu tsawo, amma akwai waɗanda ba a taɓa ba, kuma irin waɗannan komai gwanintar mabushi ba za su daidaita da sabbin ƙahoni ba. Saboda haka a je wurin saye da manhajar auna amo a waya, a busa ba tare da danna komai ba, a ga ko allurar tana tsayawa a kan B♭ ko E♭ alhali babban bututun saiti yana waje da kamar faɗin yatsa. A kuma gwada bakin busa a wurin, domin na yufoniyam kaɗai wutsiyarsa girma uku ce, kuma wanda bai zauna daidai ba yana ɓata saiti.

Zama, numfashi da amon farko

Ƙaho ne yake zuwa wurin baki, ba baki ne yake bin ƙaho ba. Mai koyo ya zauna a miƙe a gaban kujera, ƙafafunsa biyu a ƙasa, sannan a ɗaga ƙahon har bakin busa ya iso leɓɓansa ba tare da ya sunkuya ko ya miƙa wuya ba. Idan tuba ta yi masa tsawo sai a ɗora ta a kan kujerar tsakanin cinyoyinsa, idan kuma yufoniyam ya yi masa gajarta sai a sa ƙaramin matashi a cinya. Hannun hagu ne yake rungumar ƙahon, yatsun dama uku kuma su lanƙwashe a kan bawul, suna dannawa kai tsaye ƙasa, domin danna bawul a karkace shi ne yake cinye gefensa. A turombon nauyin duka yana hannun hagu, hannun dama kuwa babban yatsa da yatsu biyu ne kawai suke riƙe sandar silaid a sake.

Numfashi shi ne jigon al'amarin, kuma a nan ne manyan ƙahoni suka sha bamban da konet. Konet yana son iska kaɗan mai matsi, tuba kuwa tana son iska mai yawa marar matsi, mai ɗumi, irin wadda mutum yake hura wa madubi idan zai goge shi. A shaƙi iska ta baki, ta gefen leɓɓa, maƙogwaro a buɗe kamar ana hamma, a bar ciki da haƙarƙari su buɗe da kansu ba tare da an ɗaga kafaɗu ba. Kafin a taɓa ƙaho, yana da kyau a yi atisayen shaƙa cikin ƙidaya huɗu a fitar cikin huɗu, sannan a shaƙa cikin huɗu a fitar cikin takwas, daga baya a rage lokacin shaƙa zuwa ƙidaya ɗaya, tun da a cikin kiɗa abin da ake samu ke nan. Sabon mabushin tuba yakan ji jiri a makonnin farko saboda yawan iskar da take shiga tana fita, kuma maganinsa shi ne ya dakata ya huta har ya dawo daidai, kada ya yi ta maza.

Daga nan sai a haɗa leɓɓa kamar za a furta «m», a bar tazara tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, a ɗan ƙarfafa kusurwoyin baki biyu, tsakiyar kuwa a bar ta a sake, sannan a tura iska har leɓɓan su yi karkarwa. A gwada da bakin busa shi kaɗai na ɗan lokaci, a aza shi a tsakiyar baki, yawanci leɓen sama ya fi na ƙasa shiga ciki, ko da yake tsarin haƙoran kowa shi ne yake yanke hukunci. Abubuwa biyu ne za a kiyaye tun ranar farko, domin idan suka zama ɗabi'a suna da wuyar bari. Na farko shi ne kumbura kumatu. Mai algaita yana yin haka da dalili, saboda a kumatunsa yake tara iskar da ke ba shi damar busa ba yankewa, amma a nan kumburin yana sassauta kusurwoyin baki ya sa amo ya yi lilo. Na biyu shi ne danna bakin busa da ƙarfi a kan leɓe don a kai amon sama, wanda ke kashe jini a leɓen, ya gajiyar da mabushi tun kafin a kai rabin fareti.

Idan amo ya fara fita, a riƙe shi tsawon numfashi guda ba tare da ya hau ko ya sauka ba, a saurare shi da kyau. Wannan jan amo shi ne atisayen da ya fi kowanne gundura, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Bayansa sai a koyi tashi daga amon ƙasa zuwa na samansa ba tare da an sauya yatsu ba, ta hanyar ƙara gudun iska da ɗan tsuke leɓe. Sai kuma harshe, wanda aikinsa shi ne ya taɓa bayan haƙoran sama ya saki iska kamar ana cewa «to» ko «do», ba ya tsayar da amo a ƙarshe ba. Minti ashirin kullum, ana busa ana hutawa, ya fi awa uku a jere ranar Asabar, saboda tsokar leɓe a hankali take ginuwa.

Yatsu da karatun rubutun kiɗa

Tazarar da ke tsakanin do da re ita ce taki guda, ta tsakanin mi da fa kuwa rabin taki. Bawul na biyu yana saukar da amo da rabin taki, na farko da taki guda, na uku da taki ɗaya da rabi. Idan aka ɗauki C ta rubutu a matsayin do, to do ba a danna komai, re ana danna 1 da 3, mi 1 da 2, fa 1 kaɗai, so ba komai, la 1 da 2, ti 2 kaɗai, do ta sama kuma ba komai. Turombon yana da matsayi bakwai, kowanne rabin taki ƙasa da na gabansa, kuma wannan jeri a wurinsa shi ne 1, 6, 4, 3, 1, 4, 2, 1. Babu alama a jikin silaid, don haka kunne ne yake nuna wurin, kuma mabushin da ya dogara ga kallon mazurari don gane matsayi na uku ba zai taɓa zama daidai ba.

Tsarin Birtaniya yana da wata hikima a nan. Duk ƙahonin ƙungiya, har babbar tuba, ana rubuta musu kiɗa a kilef na sama (kilef ita ce alamar farkon layukan kiɗa da ke nuna amon kowane layi), an riga an juya wa kowanne amonsa, in ban da babban turombon da yake karanta kilef na ƙasa a ainihin amonsa. Amfanin haka shi ne wanda ya iya konet zai iya ɗaukar baritan ko tuba ya karanta da yatsun da ya saba, abin da ya sauƙaƙa wa ƙungiyoyin ma'aikata cike gurbi idan wani ya tafi. Matsalar takan taso ne idan aka samo takardun kiɗa na Amurka ko na badujalar soja, inda ake rubuta wa manyan ƙahoni a kilef na ƙasa. Mai tuba ta E♭ yana da mafita, domin zai iya karanta takardar kamar a kilef na sama take, ya ƙara alamar shaf (mai ɗaga amo da rabin taki) uku a kan waɗanda ke farkon layi, ko ya cire filat (mai sauke amo da rabin taki) uku, ya riƙa lura da alamomin da ke faɗowa a tsakiya. Sauran kuwa dole su koyi kilef na biyu. Ƙungiyoyi da yawa da do-re-mi suke koyarwa, kuma yana gina kunne ƙwarai, amma tun da do tana sauya wuri idan aka sauya mabuɗin waƙa, wanda ya tsaya a nan kaɗai zai riƙa haddace yatsu ne waƙa bayan waƙa. A haɗa masa da karatun layuka biyar tun da wuri. Littafin atisaye na Jean-Baptiste Arban, wanda ya fito a 1864 domin konet, yana yi wa duk mai karanta kilef na sama aiki.

Saiti

Babu ƙahon da yake fitowa daga maƙera da kowane amo a daidai. Haɗin bawul 1 da 3 yana yin sama da inda ya kamata, haɗin ukun gaba ɗaya kuwa ya fi muni, saboda an auna tsawon kowane bawul ne da ainihin bututun, ba da bututun da wani bawul ya riga ya tsawaita ba. A manyan ƙahoni wannan giɓi yana fitowa fili. Bawul na huɗu, wanda ke saukar da taki biyu da rabi, shi ne maganin farko: a yi amfani da 4 a madadin 1 da 3, da kuma 2 da 4 a madadin ukun duka. A ƙahonin Birtaniya yana gefe ne, yatsan hagu ke danna shi. Mafi kyawunsu suna da tsarin cike giɓi da David Blaikley na kamfanin Boosey ya ƙirƙiro a shekarun 1870, wanda ke mayar da iska ta cikin wasu ƙananan bututu a bayan bawul idan an haɗa na huɗu da wani. Wanda ƙahonsa bawul uku ne kawai sai ya ɗan jawo bututun bawul na uku waje, ya kuma koyi sauke amon da leɓe.

Zafi da sanyi ma suna da tasiri. Ƙahon da ya sha rana amonsa yakan hau, sai a jawo babban bututun saiti waje, wanda ya kwana cikin sanyin hunturu kuwa yakan sauka, sai a tura shi ciki. Tuba ta fi kowanne jinkirin ɗumama saboda girmanta, don haka saitin da aka yi da sassafe kafin a hura mata iska ba ya kai hantsi. A ɗumama tukuna, sannan a saita, kuma a fara daga tuba, sauran su jingina a kanta.

A cikin ƙungiya

Babban ƙaho yana jinkirin amsawa, kuma mai shi yana zaune a baya, saboda haka idan ya jira ya ji bugu kafin ya busa, amonsa zai iso a makare ya ja ƙungiyar baya. Ya sa ido ga sandar banmasta, ya shaƙi iska bugu ɗaya kafin lokaci, ya saki amon a goshin bugun. Masu tuba su raba wuraren shaƙar iska a tsakaninsu, su sa alama da fensir a takarda, domin kada su yanke gaba ɗaya a bar rami a ƙasan kiɗan. A maci, amon tuba gajere ne amma mai jiki, kuma a yawancin macin Birtaniya akwai sashen da turombon da yufoniyam da tuba suke ɗaukar karin waƙar tare da ƙarfi, inda jarabar kowa ita ce ya busa har murya ta tsage. Ƙarfin da ake so a wurin daga yawan iska yake zuwa, ba daga matsa leɓe ba. A jerin gwano kuma akan sa masu turombon a sahun gaba, don silaid ya sami fili kuma kada ya bugi ƙeyar wani.

Kulawa

A kurkure baki da ruwa kafin busa, musamman bayan cin abinci ko goro ko shan abu mai zaƙi, domin duk abin da ke baki cikin bututu yake ƙarewa. A sa wa bawul man da aka yi dominsa, ɗigo kaɗan kafin kowane atisaye, ana cire su ɗaya bayan ɗaya don kada a rikita lambobinsu, kuma a juya kowanne har ɗan haƙorinsa ya faɗa gurbinsa kafin a ɗaure murfi. Idan an mayar an busa iska ta ƙi wucewa, to wani bawul ne ya zauna a juye. Man inji da man gyaɗa ba su da wuri a nan, saboda suna daskarewa su kama ƙura. Lokacin hunturu ƙura takan haɗu da mai ta zama abin da ke cin ƙarfe, don haka a riƙa goge bawul da tsumma mai laushi kafin a ƙara sabon mai, a kuma rufe ƙaho a akwatinsa ko a lulluɓe mazurarin da zarar an gama. Leɓen da iskar hunturu ta tsaga ba ya karkarwa yadda ya kamata, kuma man kaɗanya da dare yana taimakawa, amma a goge shi kafin busa.

Ƙananan bututun saiti maiko mai kauri suke so, kuma basilin yana wadatarwa idan babu na musamman, a riƙa motsa su kowane mako ana danna bawul ɗinsu yayin zarewa. Silaid ɗin turombon kuwa ana shafa masa ɗan kirim nasa a ƙarshen bututun ciki, a fesa ruwa. Ruwan da ke taruwa a ciki yawancinsa tururin numfashi ne, a zubar da shi ta maɓallin ruwa kafin a ajiye, a kuma duba ɗan toshen maɓallin, domin idan ya lalace ƙahon yakan yi kamar ya shaƙe alhali gyaran ba shi da tsada. A wanke bakin busa da sabulu kowane mako, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a guda ba tare da wanki ba. Duk bayan wata biyu ko uku a kwance ƙahon a wanke cikinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwano da dogon buroshi mai lanƙwasa, a ajiye ƙananan woshoshin ulu na bawul a gefe kada su jiƙe. Ruwan zafi yana ɓare fentin sheƙi, man goge ƙarfe mai kaushi kuma yana cinye rufin azurfa. Wankin nan ya wuce batun tsabtar ido, domin likitoci sun tabbatar da cutar kumburin huhu a wasu mabusa sakamakon funfunar da ta taru a ƙahonin da ba a wankewa.

Kada a jingina tuba a kan mazurarinta a inda mutane suke wucewa, kuma kada a ɗaga ta ta bututun farko ko ta ƙananan bututun saiti, saboda a nan likin dalma yake fara sakewa. Bakin busa ana sa shi ne da ɗan murɗawa kaɗan, ba a buga shi da tafin hannu. Idan ya kafe, kada a kusance shi da filaya, domin abin da ya fi faruwa shi ne bututun farko ya murɗe ya ɓalle alhali bakin busan yana nan daram. Akwai ƙaramin ƙarfe mai kusoshi biyu da aka yi musamman don zare shi, kuma ya kamata kowace ƙungiya ta sayi guda ta ajiye a akwatin kayan gyara tare da man bawul, da sifirin na sauyi, da 'yan toshen maɓallin ruwa.